Kabari a Ƙetaren Iyaka: Ziyara, Tarihi da Buɗe Ido Tsakanin Haɗejiya da Ƙasar Nijar

A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole suka faɗa wa birnin Haɗejiya da yaƙi. Suka kashe Sarki Muhammadu, wanda tun daga lokacin ake kiransa Mai Shahada, tare da wasu 'ya'yansa da sarakunan yaƙinsa da jama'a masu yawa. Ba a daɗe ba, ranar 29 ga Mayun wannan shekara, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu a Landan a kan yarjejeniyar da ta zama tushen iyakar Najeriya da Nijar, sannan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa suna kakkafa alamu har zuwa 1908. Ke nan a shekara guda Haɗejiya ta sami abubuwa biyu da har yanzu take zaune da su: shahidan da take tunawa, da iyakar da ta mayar da maƙwabtanta na arewa baƙi masu buƙatar takarda.

Abin da wannan maƙala ke son tsayarwa shi ne cewa kaburbura da maƙabartun wannan yanki gado ne na tarihi wanda ya cancanci a tsara masa ziyara, kuma baƙon da ya kamata a tsara dominsa shi ne mutumin Damagaram da Magarya da Maraɗi, wanda yake da nasa a kwance a ƙasarmu kamar yadda muke da namu a tasa. Sai dai idan aka kwaso tsarin Turai yadda yake aka dasa a nan, abin da za a nuna wa baƙo shi ne kabarin wanda ya ci mu da yaƙi, a bar waɗanda suka tare shi.

Ya kamata a fara da inda aka fi nazarin wannan batu, wato tsakanin Folan da Yukren. Birnin Lviv, wanda yake yammacin Yukren a yau, yana cikin ƙasar Folan ne tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Da aka sake jan iyaka a 1945, birnin ya koma hannun Tarayyar Sobiyet, aka kwashe yawancin mutanen Folan da ke cikinsa aka tura su yamma. Suka tafi da abin da za su iya ɗauka, suka bar matattunsu a maƙabartar Lychakiv, wadda aka buɗe tun 1786. A can marubuciyar Folan Maria Konopnicka take, a can kuma babban marubucin Yukren Ivan Franko yake. Maƙabartar ta zama gidan tarihi da ake sayen tikiti a shiga, kuma kafin yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a 2022 motocin masu ziyara daga Folan ba sa yankewa, musamman a farkon Nuwamba, lokacin da Kiristocin Katolika ke kunna kyandir a kan kaburburan danginsu.

Wani ɓangare na maƙabartar shi ne ya fi jawo rigima. A nan aka binne sojoji da matasan Folan da suka mutu a yaƙin da aka gwabza da mutanen Yukren a kan mallakar birnin a 1918 da 1919. A wurin mutumin Folan waɗannan jarumai ne. A wurin mutumin Yukren su ne suka hana kakanninsa kafa ƙasarsu. Gwamnatin Sobiyet ta sa an rusa wurin da manyan motoci a 1971. Ma'aikatan wani kamfanin Folan suka fara gyara shi a 1989, amma sai da aka shafe shekaru ana jayayya a kan abin da za a rubuta a jikin dutsen tunawa kafin shugabannin ƙasashen biyu, Aleksander Kwaśniewski da Viktor Yushchenko, su buɗe shi tare ranar 24 ga Yunin 2005. Cikin abin da ya taimaka wajen warware taƙaddamar shi ne an gina wa sojojin Yukren da suka mutu a wannan yaƙi nasu wurin tunawa a gefe, aka buɗe su rana guda. Duk da haka maganar matattu ba ta ƙare ba. Batun tono gawarwakin mutanen Folan da aka kashe a Volhynia a 1943 da 1944 ya tsaya cik daga 2017, kuma ko da Folan ta karɓi miliyoyin 'yan gudun hijirar Yukren, ba a koma aikin ba sai a Afrilun 2025.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan labari a matsayin baƙo ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, gidan sarautar Gobir ya yi ta ƙaura har ya zauna a Tsibiri wajen 1836. Yau kufan Alƙalawa yana Jihar Sakkwato, Tsibiri kuwa tana Nijar. Sarakunan Haɓe na Katsina sun bar birninsu a 1807 suka kafa Maraɗi, suka bar kakanninsu a baya, har da tuddan kaburburan Durɓi ta Kusheyi da kushewun waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. A maƙwabtan Haɗejiya abin ya juya: masarautar Gumel ta zauna a Tumbi, wadda take cikin Nijar yanzu, kafin ta dawo mazauninta na yau kafin tsakiyar ƙarni na 19. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zarce da sauran masu hijira har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe. A duk waɗannan wurare, zuriya tana wata ƙasa, kabarin kaka yana wata.

A nan kamanceceniyar ta tsaya. Maƙabartar Lychakiv ta zama wurin kallo ne saboda duwatsu da gumaka da rubutu. Wanda bai san kowa a cikinta ba zai iya wuni yana karanta sunaye da shekaru. Kabarin Bahaushe ba haka yake ba. Ana haƙa uwa, a haƙa 'ya a cikinta daidai faɗin mamaci, a kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla. A jera itace ko fasassun tukwane a rufe bakin 'yar, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada rairayi ya zuba masa, sannan a mayar da ƙasa a yi ɗan tudu, a yayyafa ruwa, a yi addu'a a watse. Alamar da ake bari ba ta wuce guntun kasko ko reshen itace ba, sai a 'yan shekarun nan da wasu ke kafa ƙaramin allon ƙarfe mai suna. Damina biyu ko uku sun isa su kwantar da tudun. Bayan shekara ashirin, in ba mai gadin maƙabarta ko wani dattijo da ya halarci jana'izar ba, babu mai iya cewa ga inda wane yake. Wannan ba sakaci ba ne. Haka addini ya koyar, haka kuma al'ada ta karɓa, cewa attajiri da matalauci su kwanta iri ɗaya.

Sakamakon wannan bambanci a fili yake ga duk wanda ya duba wuraren da ake lissafawa a matsayin na tarihi. A Haɗejiya, kabarin da kusan kowa zai iya kwatanta maka shi ne na Kyaftin H.C.B. Phillips, jami'in Ingila da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, wanda ya mutu bayan yaƙin 1906 aka binne shi a nan. A Burmi, kabarin Manjo Marsh na Ingila da aka kashe a gwabzawar 1903 yana cikin abin da ake nuna wa baƙi. A Maijirgi, kusa da Tasawa a Nijar, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da rundunarsu ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni da garuruwa da yawa a 1899 kafin sojojinsu su kashe su a Yulin shekarar. Su biyun an san inda suke, dubban da suka kashe ba su da ko alama. Idan ma'aunin gado shi ne abin da ido zai gani a ɗauki hoto, to mun yarda tun kafin a fara cewa tarihin da za a ba baƙo na Bature ne.

Ban ce a rushe kabarin Mai Tumbi ba, ban kuma ce a bar shi ya lalace ba. Mamaci yana da alfarma ko wane ne shi, kuma kabarin shaida ne a kan wani abu da ya faru. Abin da Sobiyet ta yi a 1971 bai shafe komai daga zukatan mutanen Folan ba, sai ma ƙara wa wurin daraja da ya yi a idonsu. Abin da nake cewa shi ne a ba kowane abu matsayinsa. Wanda ya zo ganin tarihin 1906 ya fara da fada da ragowar ganuwa da unguwannin da aka yi faɗan, a faɗa masa sunayen waɗanda suka mutu gwargwadon abin da zuriyarsu suka riƙe, a gaya masa dalilin da ya sa Sarki Muhammadu ya ƙi sharuɗɗan Turawan Ingila alhali ya san abin da ya sami Kano da Sakkwato a 1903 da garin Satiru 'yan makonni kafin nan. Bayan ya ji wannan sai a kai shi kabarin Phillips, ya gan shi a matsayin ɓangare guda na labarin. Gadonmu a wannan fage yana cikin baki da ƙwaƙwalwa da kirari da salsalar gidaje, saboda haka aikin farko na masu rikoda da alƙalami ne, kafin na magina.

Sai tambayar wane ne baƙon. In ana zancen yawon buɗe ido a Jigawa, abin da ake fara kawowa shi ne hawan salla, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da tsuntsayen Baturiya, dausayin da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. A bayan wannan lissafi akwai hoton baƙon da ake jira: Bature mai madubin hangen nesa da dala a aljihu. Irinsa ba su taɓa yawa ba, kuma rashin tsaron arewa maso gabas ya ƙara rage su. Alhali kuwa akwai wata zirga-zirga mai ɗimbin jama'a wadda ta daɗe tana ƙetare iyaka saboda kaburbura, ba tare da wata ma'aikata ta tsara ta ba. Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, yana karɓar maziyarta daga Nijar da wasu ƙasashe, maza da mata, wasu su zarce Wurno wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. 'Yan Tijjaniyya daga Najeriya suna cika motoci zuwa Kiyota a Nijar lokacin Mauludi, suna zuwa Kaulaha a Sanagal inda Shehu Ibrahim Inyas yake tun rasuwarsa a 1975, masu hali su kai Fas. Maukibin Ƙadiriyya na Kano kansa a maƙabartar Mai Giginya yake ƙarewa. Waɗannan mutane suna biyan kuɗin mota, suna sayen abinci da tsaraba, suna kwana. Ba sa kiran kansu 'yan yawon buɗe ido, sun ce ziyara suka je, shi ya sa mai tsara manufa ba ya ganinsu.

Haɗejiya ba ta da hubbare mai jan jama'a kamar na Sakkwato, kuma bai dace a ƙirƙiro mata ba. Abin da take da shi ya fi wannan kusa da rayuwar talaka. Fadamar kogin Haɗejiya ta daɗe tana ɗaukar mutanen arewa. Makiyaya suna gangarowa da rani neman ruwa da ciyawa. 'Yan cirani suna zuwa yankan shinkafa da alkama da tsinkar tattasai. Fatake suna ratsowa ta Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis, su sayi busasshen kifi da hatsi su koma. Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori, hanyar ta ƙara buɗewa. Almajirai kuma suna zuwa tsangayun ƙasar Haɗejiya, wadda ta yi suna da gwanayen Alƙur'ani. A cikin waɗannan akwai waɗanda ajali ya riska a nan. Musulmi ba ya jiran a ɗauki gawa a kai ta gida. Inda mutum ya cika, nan ake masa sutura, sau da yawa kafin rana ta faɗi. Labari ya isa ƙauyensu bayan kwanaki, a yi zaman makoki babu gawa. Shekaru su wuce, ɗa ya girma, ya zo kasuwa, ya tambayi inda aka sa mahaifinsa. Abin da zai samu shi ne a nuna masa maƙabarta gaba ɗaya a ce yana ciki.

Wannan mutum shi ne takwaran ɗan Folan mai zuwa Lviv da kyandir, kuma buƙatarsa ba ta da tsada. Littafi ne a hannun kwamitin kowace maƙabarta, mai ɗauke da suna da garin asali da ranar binnewa da layin da aka sa mutum. Irin wannan rajista ba ta saɓa wa kowace mazhaba, ba ta buƙatar siminti, kuma bayan shekara hamsin ita ce za ta zama taskar da masanin tarihi zai buɗe ya ga yadda jama'a suka yi ta kai da komo tsakanin Damagaram da fadamar Haɗejiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda ya san takamaiman inda nasa yake zai sake dawowa, wata rana ya zo da 'ya'yansa.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Na farko malamai ne, musamman na Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 wadda ta yi ƙarfi a Maraɗi da Damagaram kamar yadda ta yi a Jigawa. Tsoronsu shi ne duk wani shiri da ya mayar da kabari wurin taruwa zai buɗe ƙofar shafar kabari da ɗibar ƙasarsa da roƙon mamaci. Hadisan da suka hana gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa ingantattu ne, kuma Shehu Usmanu da kansa ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza da maƙabartu a cikin Ihya'us Sunna. Saɓanin malamai a kan ɗaura niyyar doguwar tafiya musamman domin kabari tsoho ne, maƙala irin wannan ba za ta raba shi ba. Amma akwai fili mai faɗi da kowa ya yarda da shi: ziyarar maƙabarta domin yi wa mamaci addu'a da tuna lahira halal ce da nassin hadisi, kare kabari daga tozarta wajibi ne, sanin tarihi kuma ba wanda ya hana. Shirin da ya tsaya a cikin wannan fili, babu ƙubba, babu tikiti a ƙofar maƙabartar Musulmi, babu ɗaukar hoto a kan kabari, zai sami Ɗan'izala da ɗan ɗariƙa a kwamiti guda. Kuɗin shiga, in za a karɓa, a karɓe shi a ɗakin tarihi da ke wajen katanga.

Suka ta biyu ita ce tone-tone yana tayar da tsohuwar gaba, kuma Haɗejiya tana da abin da za a tono. Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya kuma ci gaba da mulki har mutuwarsa a 1863, gwarzo ne a bakin mutanen birni, amma garuruwan da ya kai wa hari a ƙasar Kano da Katagum suna da nasu labarin. Yaƙin Haɗejiya da Gumel bai lafa ba sai da aka kashe Sarkin Gumel Abdullahi a Zaburan a 1872. Damagaram ma ta sha kawo hari kudu, har zamanin sarkinta Ahmadu Kuran Daga da ya tunkari Kano a 1898. An kama bayi ta kowane ɓangare, kuma jikokinsu suna raye. Ina ganin amsar ita ce abin da Lviv ta koya da wahala: bayanin da za a rubuta a irin waɗannan wurare kada ɓangare guda ya rubuta shi. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejiya. Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, wanda ya wallafa tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Malaman tarihi na waɗannan jami'o'i biyu harshe ɗaya suke ji, kuma za su iya zama su daidaita rubutu guda da Hausa, a boko da ajami, wanda Bahaɗeje da Bagumale da Badamagare za su karanta ba tare da ɗayansu ya ji an ci zarafin kakansa ba. Inda riwayoyi suka saɓa, a kawo su duka a faɗi mai kowace.

Abin da ya fi gaggawa duk da haka ruwa ne. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda kogin ke tafiya. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani, yanzu yana kwance a wasu wurare duk shekara, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, sai ya fasa ta inda bai saba ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna abin da hakan ke jawowa a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da kewayen birnin kansa, inda matasa suka kwana suna tare jinga da buhunan ƙasa. Idan gari ya tashi saboda ruwa, ana ƙirga gidaje da gonaki da dabbobi, ba a cika ƙirga maƙabarta ba. Kabarin ƙasa kuwa in ruwa ya kwanta a kansa wata guda, ya tafi ke nan, kuma da dattawan da suka san wurin sun ƙare, babu sauran mai cewa a nan aka taɓa binne mutane. Tsofaffin garuruwan ƙasar Haɗejiya, irin su Garun Gabas da ake dangantawa da Biram ta Hausa Bakwai, sun cancanci a auna kufansu da tsofaffin maƙabartunsu a sa a taswira tun yanzu. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ta ba da damar a ayyana wuri a kare shi, amma sai an san wurin kafin a nemi a ayyana shi.

Iyakar kanta ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Shirin da ya jingina kacokan da jituwar Abuja da Yamai zai riƙa tsayawa duk lokacin da suka saɓa. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, tana da amfani wajen sauƙaƙa wa ayarin maziyarta wucewa, amma rajistar maƙabartu da naɗar bayanan dattawa da auna wuraren da ruwa ke ci ba sa jiran izinin kowace gwamnatin tarayya. Ayyuka ne da majalisar masarauta da ƙananan hukumominta 8 da kwamitocin maƙabartu da ɗaliban tarihi za su iya farawa da rani mai zuwa, su soma da garuruwan bakin kogi da suka fi fuskantar ambaliya.